Tarihin Yadda Aka Koyi Gano Lalacewar Jijiya a Jikin Yara Masu Ciwon Suga

Kafin shekarar 1922, yaron da ya kamu da ciwon suga ba ya daɗewa a duniya. A watan Janairun shekarar ne aka yi wa Leonard Thompson, ɗan shekara 14, allurar insulin a Toronto ta ƙasar Kanada, bayan binciken Banting da Best. Ya ƙara shekara 13 a raye.

Da yara suka fara girma da ciwon, sai wata matsala ta fito fili. Suga mai yawa yana cin jijiyoyin da ke kai saƙon ji tsakanin jiki da ƙwaƙwalwa, musamman na ƙafa. Tun 1864 likitan Faransa Marchal de Calvi ya danganta wannan da ciwon suga, amma ba a gane ta sai ƙafa ta sage, ko tana zugi, ko ƙaya ta soki mutum bai ji ba. Kafin nan ɓarna ta yi nisa, ga shi yaro bai cika yin ƙorafi ba.

Shi ya sa masana suka shiga neman alamar da za ta riga ciwo magana. A 1968 Samuel Rahbar, likita ɗan Iran, ya lura da wani nau'in sinadarin jini da ke yawa a jikin masu suga. Shi ne tushen gwajin HbA1c, mai nuna yadda suga ya kasance cikin wata biyu zuwa uku. A 1993 wani babban bincike na Amurka da Kanada mai suna DCCT, wanda ya bi mutum 1,441 har da matasa daga shekara 13, ya nuna cewa tsananta kula da suga ya rage lalacewar jijiya da kashi 60 cikin 100.

Daga 2003 likitoci a Manchester ta Ingila suka nuna ana iya ɗaukar hoton ƙananan jijiyoyin da ke gaban ƙwayar ido, ba yanka ba allura, a ga raguwarsu. Yanzu kuma ana nazarin wani sinadari, NfL, da ke zuba cikin jini idan jijiya ta lalace. Waɗannan biyun ba su zama gwajin yau da kullum ba tukuna.

Abin da ke hannunmu shi ne HbA1c da duba ƙafa da siririn zaren roba. Likitocin yara na ba da shawarar fara dubawa wajen shekara 11 ko balaga, idan ciwon ya ɗan shekara a jiki, sannan a maimaita duk shekara. Iyaye, kada mu jira sai yaro ya ce ƙafarsa ta mutu. In an je asibiti, a cire masa takalmi, a roƙi likita ya duba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.