Randa da Ƙwarya: Tarihin Kayan Dafa Cukutu a Ƙasar Jugu

Wanda ya taɓa bi ta Seru, a ƙaramar hukumar Jugu ta jihar Donga, ya san ƙamshin tsiron dawa da ake shanyawa. Da shi matan Yom da Lokpa suke dafa cukutu, ɗan'uwan burukutun arewacin Najeriya da fito na Gana. Hukuncin giya a Musulunci sananne ne, haramun ce. Amma sanin sana'ar maƙwabci yana cikin sanin tarihin zama tare.

Fatakenmu da ke tafiya daga Kano zuwa Gwanja neman goro sukan bi ta Nikki da Faraku, su yada zango a unguwar Wangara ta Jugu, sarki kuwa yana Kilir. Musulmi na cikin gari da cinikinsu, manoma na ƙauye da al'adunsu, kasuwa ce mahaɗarsu. A wurin waɗannan manoma, cukutu abin fitarwa ne a gayya da biki da makoki.

Kayan aikin duka daga gida suke. Randa ta jiƙon dawa, ganye ko buhu na rufe ta har ta tsira cikin kwana uku ko huɗu, dutsen niƙa, muciya, da kwandon da ake shimfiɗa wa ciyawa ya zama mataci.

Hikimar tana wurin dama garin. Tsiro yana ɗauke da sinadarin da ke mai da gari ya yi zaƙi, amma tafasa tana kashe shi. Garin dawa kuwa ba ya nuna sai da zafi mai tsanani, fiye da na sha'ir ɗin Turawa. To, yaya za a dafa gari ba a kashe sinadarin ba? Sai mai dafawa ta dama garin da ruwan sanyi, ta bari ya kwanta, ta kwashe ruwan sama da ƙwarya ta ajiye a wata randar. Guntun da ya kwanta shi take ɗorawa a murhu tana tuƙawa har ya nuna, sannan ta mai da shi cikin ruwan da ta ajiye. Nan zaƙi ke fitowa. Ya kwana ya yi tsami, a tafasa, a tace, a sa masa ragowar dahuwar baya da ake kira kpete-kpete. Masu dafa giya a Jamus ma sun daɗe suna ɗibar wani kaso su tafasa su mayar, tun kafin ma'aunin zafi ya yaɗu.

Da zamani ya sauya, kaya suka sauya. Jirgin ƙasa ya iso Faraku daga Kwatano a 1936, kayan bakin teku suka yawaita a arewa. Sannu a hankali duro da tukunyar dalma suka shiga wurin tukunyar ƙasa, injin niƙa ya hutar da dutse, buhun leda ya zama mataci. Matakan aikin kuwa suna nan yadda kakanni suka bar su. Abin da ke ci wa masu sana'ar tuwo a ƙwarya yau shi ne itace, domin tafasa ta sa'o'i tana cinye daji.

Mu ma muna da rabo a wannan ilimi. Tsiron da iyayenmu mata ke sa wa kunun zaƙi, tun ba a saba da sukari ba, aikinsa ɗaya da wancan. Su suna bari ya yi ƙarfi, mu muna sha tun yana halal. Yau 'ya'yanmu da yawa sukari kawai suka sani. Duk mai tsohuwa a gida ya zauna ya tambaye ta yadda ake tsiro, ya rubuta, tun tana raye.

Allah Ya ƙara mana sani mai amfani.