Daga Goron Mai Unguwa zuwa Takardar Izinin Gini a Kudancin Kano

A ƙasashen Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada da Doguwa, izinin gini ya daɗe yana fitowa daga bakin shugabanni kafin ya hau takarda. Kafin zuwan Turawa, ƙasa amana ce a hannun Sarkin Kano, dagatai da masu unguwanni kuma su ke rabon ta. Baƙon da ke son zama sai ya sami ɗan gari ya kai shi gaban mai unguwa, ya yi gaisuwa da goro, a yanka masa fili a gaban shaidu, a sa iyaka da duwatsu ko a dasa bini-da-zugu. Malamai ma sun yi rubutu a kan haka: littafin Abdullahi ɗan Fodiyo, Ta'alimur Radi, ya yi bayanin yadda ake mallakar ƙasar da ba kowa a kanta.

Magidanci ba ya neman yardar kowa don ya ƙara ɗaki ko rumbu a cikin dangarsa. Magana tana tasowa ne a kan abin da ya leƙo waje. Dakalin ƙofar gida na iya cin hanya har jaki da mangala ya kasa wucewa, rumfa na iya tokare lungu, indararo kuma ya riƙa zuba a gindin katangar maƙwabci har ta zube da damina. Wanda ya fi duka zafi shi ne bene mai taga da ke kallon tsakar gidan wani, inda mata ke harkokinsu. Fiƙihun Malikiyya ya hana cutar da maƙwabci, don haka alƙali na da ikon sa a toshe tagar ko a rage dakalin. Amma akasari dattawan unguwa kan kashe maganar tun ba ta je gabansa ba.

A farkon Fabrairun 1903 rundunar Turawa ƙarƙashin Kanar Morland ta fasa ƙofar Bebeji da igwa a kan hanyarta ta zuwa Kano. Bayan Turawa sun kafa mulki, dokar ƙasa ta 1910 ta ɗora ikon filayen Arewa a hannun Gwamna, sai dokar garuruwa ta 1917 da ta tsara birane ta 1946 suka kawo awo da zanen gini. Waɗannan dokoki biyu na ƙarshe sun fi aiki ne a unguwannin Turawa da Sabon Gari. A karkara En'e ta bar rabon fili a hannun dagatai, ma'aikacin da talaka ya fi sani kuwa shi ne duba-gari, mai leƙa salga da kwata.

Gina madatsar ruwa ta Tiga tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ya nuna wa mutanen yankin wani abu sabo: ruwa ya ci ƙauyuka, gwamnati ce kuma ta nuna wa mazauna inda za su sake kafa gida. A 1978 dokar amfani da ƙasa ta mayar da filayen jiha amana a hannun gwamna. Shi ke ba da takardar mallaka a birane, ƙaramar hukuma kuma ta ba da ta gargajiya a karkara. Dokar tsara birane ta 1992 ta ce kada a fara gini sai da amincewar hukuma. A Kano hukumar KNUPDA ke wannan aiki, tana neman shaidar mallakar fili da zanen gini da kuɗin rajista.

Dokar tana nan a rubuce, amma ba ta raba mai unguwa da aikinsa ba. A yawancin ƙauyuka har yau takardar ciniki mai sa hannunsa da na shaidu ita ce hujja, kuma da wuya a ga wanda ya je sakatariya don zai kafa rumfar kwano ko ya zuba dakalin siminti. Izinin hukuma ya fi ƙarfi a bakin manyan hanyoyi, kamar Kwanar Ɗangora a titin Zariya da garuruwan hanyar Jos, inda shaguna da gidajen mai ke matsowa jikin kwalta. Can ne baranda ko rumfar da ta shiga hurumin titi kan wayi gari da jan fenti, kuma can ne mai gini ke buƙatar takarda idan zai nemi rancen banki ko diyya.