Daga Akawal Zuwa Fijo: Tarihin Raɗa wa Mota Suna da Ƙara Mata Ƙarfi a Ƙasar Tambuwal da Kebbe

A cikin watan Oktoba na shekarar 1973 yaƙi ya ɓarke tsakanin Larabawa da Isra'ila, ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka janye wa Amurka da ƙawayenta fetur. Kafin a yi wata shida farashin gangar ɗanyen mai ya tashi daga wajen dala 3 zuwa kusan dala 12. Wannan al'amari guda ya karya wata irin mota a Amurka, ya kuma zama sanadin bunƙasar wata a Arewacin Nijeriya. Labarin ta biyun, da yadda mutanen kudancin Sakkwato suka karɓe ta, suka raɗa mata suna, suka sake mata ƙira, shi ne abin da wannan maƙala za ta bi diddiginsa.

Wadda ta karye ita ce wadda Amurkawa ke kira mota mai ƙwanji. Asalinta a 1964 ne, lokacin da injiniyoyin kamfanin Pontiac suka ɗauki ƙaton inji mai silinda 8, wanda girmansa ya haura lita 6, suka cusa shi a cikin matsakaiciyar mota, suka kira ta GTO, sunan da suka aro daga wata motar tsere ta Ferrari. A wannan shekarar ne Ford ya fito da Mustang mai tambarin dokin jeji, sannan Dodge Charger da Chevrolet Camaro suka biyo baya. Motoci ne na samari, masu ƙugi da zuƙar mai, ba a yi su don kaya ba sai don gudu a miƙaƙƙen titi. Da mai ya yi tsada, kuɗin inshora ya hau, dokokin hana gurɓata iska suka tsananta, sai kasuwarsu ta faɗi. A yau masu sha'awa ne ke farautar ragowarsu, su gyara, su ƙara musu ƙarfi, su ba kowace suna kamar 'yar cikin gida.

A Nijeriya kuwa tsadar man nan kuɗi ta zama. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta karɓi rahoton kwamitin Jerome Udoji a 1974, kuma a farkon 1975 ma'aikata suka ga ƙarin albashi haɗe da ariyas na watanni. Malamin makaranta da akawun En'e da a da keke ne iyakarsu suka fara tambayar kuɗin babur, manyansu suka fara tambayar kuɗin mota. A wannan shekara ta 1975 ce masana'antar Peugeot da ke Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motoci. Ba ita kaɗai ba ce a wancan zamani: an kafa ta Volkswagen a Legas, ta Steyr a Bauchi, ta manyan motocin Fiat a Kano, ta Leyland a Ibadan, ta Marsandi a Inugu. Sai dai babu wadda ta shiga jinin mutanen Arewa kamar ta Kaduna. Bayan kisan Janar Murtala Muhammad a cikin baƙar Marsandinsa ranar 13 ga Fabrairu 1976, gwamnatin Obasanjo ta ɗauki manufar rage almubazzaranci, ta mai da Peugeot motar hukuma. Daga kwamishina har sakataren ƙaramar hukuma, kowa 504 yake shiga.

Don a gane abin da mota ta zame wa ƙasar Tambuwal, sai an tuna cewa dogo bai taɓa zuwa nan ba. Layin da Turawa suka ja daga Zariya ya bi ta Gusau ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929. Duk abin da ke yamma da nan, jaki da raƙumi da ƙafar fatake ne suka ci gaba da ɗaukarsa har mota ta zo. Shi kuwa Tambuwal, tun zamanin da Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna shi a matsayin ribaɗi, gari ne na kan hanya. Titin da ya taso daga Sakkwato ya ratsa Boɗinga da Shagari da Dogon Daji, ya bi ta Tambuwal ya nufi Jega, tsohuwar kasuwar goro, daga can ya wuce Yawuri da Kwantagora har zuwa Kudu. Kebbe kuma tana can ciki, nesa da wannan babbar kwalta, wajen fadamun Gulbin Zamfara inda Kuchi da maƙwabtanta ke noman shinkafa. Saboda haka buƙatun ƙasar iri biyu ne: mai gudu da zai kai fasinja Sakkwato ya dawo kafin la'asar, da mai juriya da zai shiga yashi da laka ya fito da buhuna. Abin mamaki, kamfani guda ne ya biya duka biyun.

Motar 404, wadda aka fara ƙerawa a Faransa a 1960, ta riga ta yi suna a Afirka, domin ta lashe gasar tseren Safari ta Gabashin Afirka a 1963 da 1966 da 1967 da kuma 1968. Ƙanwarta 504 ta fito a 1968, aka zaɓe ta gwarzuwar motar Turai ta 1969, ita ma ta ci Safari a 1975. Idan aka jera ta da GTO abin dariya ne: silinda 4 kacal, inji bai wuce lita 2 ba, ƙarfinsa bai kai doki 100 ba alhali na waccan ya haura 300. Amma ƙarfinta ba a ƙugi yake ba. Cikinta ya ɗaga daga ƙasa, ƙafafunta na da doguwar lanƙwasa da ke haɗiye rami, tayoyin baya ne ke tura ta, ta yadda nauyin kaya ƙara mata riƙon ƙasa yake yi. Mafi muhimmanci, babu wani abu a cikinta da bakaniken da ke ƙarƙashin bishiyar darbejiya ba zai iya kwancewa da sifana ya mayar ba.

Bahaushe ba ya zama da abu bai sa masa suna ba. Sarakunan ƙasar nan sun daɗe suna kiran dawakinsu da launi da hali: akawal, kili, hurde, gunya, bidi, danda. Da mota ta karɓi aikin doki sai ta gaji wannan al'ada. Matakin farko shi ne lanƙwasa baƙon suna ya dace da harshe. Peugeot ta zama Fijo, a bakin Basakkwace kuma, wanda ke cewa hita maimakon fita, ta koma Hijo. Mercedes ta zama Marsandi, Canter ta zama Kanta, Hiace ta zama Hayis. Mataki na biyu shi ne suna na siffa da aiki. Buɗaɗɗiyar motar ɗaukar kaya, wadda 404 da 504 suka fi kowa shahara da ita, ta zama a-kori-kura. Ƙaramar bas ta ɗauki kiya-kiya, kalmar da ta zo daga Yarabanci da ma'anar maza-maza. Babbar Marsandi 911 mai bodin katako ta zama roka, manyan da suka fi ta kuma gingimari. Har zamanin baya-bayan nan al'adar ba ta mutu ba, domin 'yan Nijeriya sun kira wata Honda Accord da Hala, suka kira Toyota Camry ƙirar 2007 da Masul, wato mai ƙwanji. Ta wannan ƙofar ce kaɗai sunan motocin Amurka na da ya shigo tashoshinmu, a jikin motar Japan da ba ta da alaƙa da su.

Mataki na uku ya fi sauran daraja a ganina, shi ne sunan da mai mota ke ba tasa ita kaɗai. Ana rubuta shi da fenti a goshin roka, ko a ƙofar bayan a-kori-kura, ko a ƙasan gilashin tasi, wani da boko wani da ajami. Wani addu'a ce, kamar Allah Ya Kiyaye. Wani karin magana ne, kamar Haƙuri Maganin Duniya ko Rabo Ya Fi Nema. Wani kuma habaici ne ga abokin gasa a tasha, ko ga dangin da suka ce ba za a taɓa yin arziki ba. Da wannan suna 'yan kamasho ke kiran lodi, da shi mata ke aika saƙo, da shi ake tambaya ko ta wuce. Sau da yawa sunan motar kan haɗiye na direbanta, har ya tsufa ya bar tuƙi ana kiransa da shi. Ba'amurke yana sa wa Mustang ɗinsa suna ne don sha'awa. A nan sunan shi ne lambar shaida a ƙasar da yawancin fasinja ba su karanta lambar mota, kuma shi ne amana: wanda ya ba Haƙuri Maganin Duniya buhun gero a Kebbe ya san wa zai tambaya idan bai isa ba.

Sai batun ƙarin ƙarfi, inda hikimar makanikai ta bayyana. Injiniyoyin Faransa sun ƙera doguwar 504 mai layin kujeru uku don mutum 7. A tasha sai aka mai da ita ta mutum 9 ko 10, ga kaya a but, ga wasu a bisa kariyar da mai walda ya ƙera a kan rufi. Don kada gindinta ya ja ƙasa, aka riƙa canza mata sifirin da mafi kauri, a cusa guntun roba a tsakanin naɗinsa. A-kori-kura kuwa, da yake sifirinta na baya falle-falle ne, sai a ƙara mata falle biyu ko uku, a ɗaura mata kejin ƙarfe mai tsayi don dabbobi da buhuna, a sa mata taya mai kauri. Zafin bazara, wanda a nan kan haura digiri 40, ya sa ake cire ɗan maƙunshin da ke tsare ruwa har inji ya ɗumama, a ƙara wa lagireto layi, a haɗa fanka ta riƙa juyawa ba tsayawa. Masana inji na sukar cire maƙunshin nan, kuma suna da hujja, domin injin da ba ya kai zafinsa na aiki yakan ƙara shan mai ya kuma cinye ringi da wuri. Direban da ya taɓa tsayawa da tafasasshen inji a tsakanin Tambuwal da Kebbe da tsakar rana yana da tasa hujjar.

Ainihin zamanin gyara ya zo ne bayan 1986, lokacin da gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin SAP, darajar naira ta zube, sabuwar Fijo ta fi ƙarfin ma'aikaci balle direban haya. Tun 1983 Faransa ta daina ƙera 504 ta fasinja, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har cikin shekarun 2000, sai dai hukumomi ne mafi yawan masu saye. Talaka ya koma ga raya tsohuwa. A sauke inji, a kai kiransha wurin masu gogewa, a sa sabon fistin da ringi. Idan ya ƙi, a sayo injin Beljiyam da ya shigo ta Kwatano, galibi na 505, a ɗora. Wanda ke neman gudu a titin Jega ya sa kafireto mai maƙogwaro biyu da giya mai hawa 5, wanda ke neman sauƙin mai ya yi akasin haka. Mai bugun jiki ya yanke inda tsatsa ta ci ya liƙa sabon falle, mai fenti ya fesa, mai rubutu ya mayar da sunan. A ƙarshe za ka ga mota guda da ƙofarta ta fito daga wata, injinta daga wata ƙasa, kujerunta ɗinkin gida, babu abin da ya rage na asali sai lambar gangar jiki da zakin da ke goshinta, amma a tasha sunanta na nan yadda yake.

Bai kamata a yi wa wannan tarihi kwalliyar da ba tasa ba. An ƙara wa motocin nan ƙarfin ɗauka da ƙarfin gudu, amma da wuya ka ji wanda ya ƙara wa birki. Lodin da ya wuce ƙima da tsohuwar taya sun ci rayuka da yawa a kan titin Sakkwato zuwa Jega, kuma irin wannan asara a faɗin ƙasa ce ta sa aka kafa hukumar kiyaye haɗurra a 1988. Haka nan Fijo ce motar 'yan fito, waɗanda ke kwaso kaya ta ɓarauniyar hanya daga iyakokin Nijar da Benin, domin ita ce ke iya barin kwalta ta shiga daji da dare.

Daga baya Golf da Sharon da Hayis suka ƙwace layin fasinja, Kanta ta ƙwace buhuna, babur ya ƙwace hanyoyin ƙauye. Sababbin motocin na zuwa da kwamfuta a ciki, sai an jona musu na'ura kafin a san ciwonsu, kuma tsohon bakaniken da ke gane matsalar fulogi da kunne kaɗai ya ga yaransa sun koma gyaran babur da janareto. Marsandin da aka kashe Murtala a cikinta tana ajiye a gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan a Legas, da ramukan harsashi a jikinta. Fijon da ta kai matan Kuchi asibiti, ta kai maniyyata Sakkwato, ta kawo akwatunan zaɓen 1979 da ya ɗora ɗan Shagari a kan mulki, ita makomarta hannun 'yan gwangwan. Su kan zo da sikeli da wutar yanka, su raba ta gida-gida, su auna da kilo, su loda wa tirela zuwa masana'antun narka ƙarfe. Ƙofar bayan da aka rubuta sunan a kai ita ma da kilo ake sayenta.