Leburorin da ke cin dutse a Obuasi

Kakan babana farke ne, daga Bakori yake kora jakuna zuwa Gwanja sayen goro. Ƙanensa da ya bi ayari bai juyo ba, ya zarce kudu har Obuasi, garin zinariyar Asante, inda Turawan Ingila suka kafa kamfanin Ashanti Goldfields a 1897. Jikansa, Baffa, ya zo mana zumunci wata kaka muna ɓarar masara, ya ce a wurin aikinsu wasu halittu da ido ba ya gani ne ke fasa dutse. Baba ya ce, "Yaya, sha ruwa tukuna, hanya ce."

Ashe gaskiya ya faɗa. Zinariyar can ƙasa a Obuasi a kulle take cikin dutse mai ƙarfe da farar wuta da gubar asinik. Da can gasa shi ake yi, gubar ta bi hayaƙi. A 1994 aka kafa manyan tankuna, a niƙa dutsen, a dama da ruwa, a hura iska, a saki bakteriya su cinye ƙarfen da farar wutar, zinariya ta fito fili. Mahaƙar Fairview ta Afirka ta Kudu ta riga su tun 1986. Ɗaya daga irin waɗannan halittu kuwa a 1947 aka gano ta a Amurka, cikin ruwan tsami mai malala daga ramukan kwal.

Abin da ya fi kama ni shi ne cimarsu. Babu dusa, babu gari. Daga iskar kabon da muke fitarwa da numfashi suke gina jikinsu, da wani sinadari mai suna Rubisko, wanda shi ne dai ke wannan aikin cikin ganyen audugarmu da dawa. Ganye da rana yake samun ƙarfi, su kuwa da tsatsar ƙarfe, cikin duhu, a zafin da ya kai digiri 40. Manomi ne kawai, a ganina, zai gane wannan ba tare da allo ba.

Baffa ya ce har taki ake zuba musu, naitirojin da fosfet da fotash, dangin kamfa da muke layi a kai a Funtuwa. Nan Baba ya ajiye totuwa, ya gyara zama.

"To, su nawa suke sayen buhu?"