Yadda Hanyoyin Adar Suka Koya wa Makanikai Sauya Haƙoran Pon

Motar da ke jigila tsakanin Madawa, Buza da Keita ba a ƙera ta don waɗannan hanyoyi ba. Kamfanin da ya haɗa ta a Japan ko Faransa ya yi lissafinsa ne bisa wani nauyin kaya da wata irin hanya, ita kuwa ƙasar Adar da kwarin Magiya ba ta san da wannan lissafi ba. Fako ne mai duwatsu a sama, da gangare mai tsini, da ƙoramu cike da rairayi a ƙasa, kuma sau da yawa direba kan gamu da dukansu a tafiya guda. Daga wannan saɓani ne sana'ar sauya haƙoran pon ta samo tushe a garejojin jihar Tawa. Larura ce ta haife ta, ta kuma yi wa jama'a amfani, amma ta girma ne da kunne da hannu, alhali aiki ne na awo da ƙidaya. Tarihinta ya nuna dalilin da ya sa aka buƙace ta, ya kuma nuna inda iyakarta take.

Pon, wanda ake kira aksul a Najeriya, shi ne gidan ƙarfen da ke tsakanin tayoyin mota biyu. A cikinsa akwai ƙaramin pinyo da farfela ke juyawa, shi kuma yana juya babban faifai mai haƙora da makanikai ke kira kuron. Idan faifan yana da haƙora 37, pinyo kuma 9, sai farfela ta juya sau 4.11 kafin taya ta kewaya sau ɗaya. Idan aka sa mai haƙora 39 da 8, lissafin ya koma 4.88: ƙarfin ja ya ƙaru da kusan kashi 19 cikin ɗari, gudun kowace giya kuma ya ragu da kusan kashi 16. Ba a ƙara wa inji komai ba, an dai sayar da gudun doki ne an sayi haƙurin jaki. Dabarar cikin pon da ke barin tayoyi biyu su yi gudu daban-daban a kwana wani Bafaranshe ne, Onésiphore Pecqueur, ya yi mata rajista a 1827. Irin haƙoran da suka karkace, waɗanda galibin motoci masu pon ke amfani da su yau, kamfanin Packard na Amurka ne ya fara sa su a motocinsa a 1926. Sun fi na da ƙarfi da shiru, amma ba sa yafe kuskuren ɗauri.

Hanyar mota a wannan yanki ta biyo sawun siyasar mulkin mallaka ne. Yarjejeniyar 1898 tsakanin Ingila da Faransa ta zana da'irar mil 100 kewaye da Sakkwato, abin da ya tilasta wa Faransawa zagayawa ta arewa, inda rijiyoyi ke da nisa. Sai da yarjejeniyoyin 1904 da 1906 suka gyara iyaka kafin suka samu hanya mai ruwa daga kogin Kwara zuwa Damagaram, wadda ta bi ta Ƙonni da Madawa. Motocin farko da suka yi suna a Sahara sun nuna cewa matsalar ja ce, ba gudu ba. Ayarin Citroën da ya tashi daga Tugurt a Disamba 1922 ya isa Tumbutu a Janairu 1923 da motoci masu sarƙar roba a baya, haka ma ayarin 1924 da ya ratsa Yamai da Damagaram. Manyan motocin Berliet da suka ƙetare hamadar Tenere a 1959 da 1960 masu pon uku ne, kowanne yana ja. Land Rover, wadda ta fito a 1948 ta zama motar kwamandoji da likitoci, ta daɗe tana amfani da haƙoran 4.7. Ba ta sauri, amma tana hawa dutse. Muddin irin waɗannan motoci ne ke bin hanyoyin, babu wanda ya buƙaci taɓa cikin pon sai idan ya lalace.

Abin ya sauya ne bayan samun mulkin kai a 1960. Kwalta ta bi babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram ta Galmi da Madawa, sannan a ƙarshen shekarun 1970 aka shimfiɗa hanyar yuraniyom daga Tawa zuwa Arlit. Buza da Keita suka kasance a tsakiyar waɗannan hanyoyi biyu, burji da turba kawai ke kai wa gare su, kuma ko inda kwalta ta iso daga baya, ba ta shiga ƙauyuka ba. Ƴan kasuwa suka dogara da akori-kura ta Peugeot 404 da 504 masu jan baya kaɗai, waɗanda suka yawaita bayan an fara haɗa motocin Peugeot a Kaduna a 1975. Sai fari ya kawo wani sabon babi. A 1975 ƙungiyar CARE ta fara dasa layukan bedi a kwarin Magiya na gundumar Buza domin kare gonaki daga iska. A 1984 aka buɗe babban aikin raya karkara na Keita da kuɗin Italiya, ƙarƙashin hukumar FAO, tare da abincin hukumar abinci ta duniya, PAM, a matsayin ladan aiki. An farfaɗo da dubban eka na ƙasa, an dasa miliyoyin itatuwa, an gina madatsun ruwa, an kuma buɗe hanyoyin karkara. Irin waɗannan ayyuka sun shigo da kat-kat, wato motoci masu ja huɗu, da manyan motoci, sun horar da direbobi da makanikai, kuma motocin da suka tsufa a hannunsu sukan ƙare a hannun ƴan kasuwa.

Abu biyu suka mayar da sauya haƙora aikin yau da kullum. Na farko kaya ne. Noman rani a kwarin Tarka ya bunƙasa, albasa ƴar Galmi ta samu kasuwa har Abijan da Akara, kuma kafin buhu ya hau tirela a bakin kwalta sai ƙaramar mota ta ɗauko shi daga gona a wajajen Sabon Gida ko Karofan. Haka gero da wake da dabbobi ranar kasuwar Tamaske ko Ibohaman. Na biyu kuɗi ne. Da aka karya darajar sefa da rabi a Janairu 1994, sabuwar mota da sababbin kayan gyara suka fi ƙarfin talaka, sai aka koma ga tsofaffin motocin Turai da ke sauka a tashar Kwatano. Yawancinsu an zaɓa musu haƙora ne don gudu a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya da tsimin mai, saboda haka da an loda su an nufi hawa sai inji ya shaƙe, kuloci ya yi ƙauri. Ƙirar Toyota ta sauƙaƙa mafita, domin a Land Cruiser da Hilux ana iya kwance dukan cikin pon na baya a zaro shi dunƙule, a sa na wata mota. Kayan kuma ana samunsu a wurin masu fasa motoci da kasuwanni irin Ƙofar Ruwa ta Kano. Ita kanta Toyota ta bi wannan tunani: Land Cruiser 75 mai injin gazuwal 1HZ tana da 4.11, amma 78 da 79 da suka gaje ta a 1999 sun zo da 4.30.

A Amurka da Ostiraliya masu sha'awar hawan duwatsu ne suka fi yin wannan aiki, kuma dalilinsu manyan tayoyi ne. Nan ma dalilin yana nan, ko da yake ba don wasa ba: mai mota kan sa taya mafi tsayi domin cikin motar ya daina gugar dutse da tudun tsakiyar turba. Amma taya mai tsayi tana cinye ƙarfin ja. Idan aka tashi daga mai santimita 80 zuwa mai 88, an ƙara kashi 10 cikin ɗari ke nan, kuma motar da ke da 4.11 za ta buƙaci kimanin 4.52 kafin ta dawo yadda take. Mafi kusa da ake samu shi ne 4.56, mai haƙora 41 da 9. Wannan ɗan lissafi shi ne bambancin gyara da caca.

Wani zai ce duk wannan wahala ce ta banza, tunda kat-kat tana da ƙaramar giya ta musamman da ke ninka ƙarfin ja sau biyu ko fiye, kuma haƙora masu ƙarfin ja suna ƙara shan mai. Maganar tana da rabin gaskiya. Ƙaramar giya ta tsallake ƙorama ce ko hawan gangare, ba ta tafiyar kilomita 50 da kaya ba, sannan motoci da yawa da ke wannan jigila ba su da ita sam. Batun mai kuwa ya danganta da hanya. Motar da ke zirga-zirga a kwalta tsakanin Madawa da Maraɗi za ta yi asara idan aka ɗaga mata lamba, domin inji zai riƙa kuka fiye da kima. Wadda ke kwana a turba da lodi kuwa, da ma a giya ta biyu da ta uku take wuni, kuma daidaita haƙoranta kan sa inji ya yi aiki a inda ya fi ƙarfi, ya kuma tsawaita ran kuloci. Tun da Najeriya ta cire tallafin fetur a Mayu 2023 man bakin iyaka ya daina araha, don haka dole mai mota ya fara tambayar kansa wace hanya ya fi bi.

Suka ta biyu ta fi nauyi: cewa wannan gyara yana ƙarfafa lodin da ya wuce ƙa'ida. Wannan gaskiya ne, kuma babu amfanin kare shi. Sababbin haƙora suna ƙara ja ne kawai, ba sa ƙara wa birki, sifirin, boris ko shasi ƙarfi. Motar da ta iya hawa da tan biyu, birkinta na tan ɗaya ne idan ta zo gangarowa, kuma a gangaren Adar nan ne hatsarin yake. Har ila yau pinyo mai haƙora 8 ya fi mai 9 ƙanƙanta, saboda haka ya fi saurin karyewa idan aka zalunce shi. Sai dai laifin ba na gyaran ba ne. Lodi ya riga shi zuwa, kuma tushensa ƙarancin motoci da tsadar tafiya. Abin da ya dace shi ne makanike ya faɗa wa mai mota iyakar abin da ya saya.

Saura tambayar ko mutum zai iya yi da kansa a gida. Sauya dunƙulen cikin pon da wani lafiyayye aiki ne da mai hannu zai iya, da sharaɗin ya ƙirga haƙora. A kat-kat wajibi ne gaba da baya su zama lamba ɗaya. Idan suka saɓa, rairayi zai ɓoye aibin domin taya na zamewa, amma da an taka ƙasa mai tauri da ja huɗu sai farfela ko akwatin raba ƙarfi ya biya bashin. Ɗaura sabon kuron da pinyo kuwa wani mataki ne daban. Tare ake goge su a masana'anta, don haka ba a auren faifan wata mota da pinyon wata. Ana daidaita zurfin pinyo da siraran washa, ratar da ke tsakanin haƙora ba ta kai rubu'in milimita ba, ana auna matsin boris, sannan a shafa fenti a juya a duba inda haƙora ke haɗuwa. Kunne ba ya jin wannan kuskure sai bayan ƙarfe ya riga ya ci juna. Bayan ɗauri ana tafiya a hankali kimanin kilomita 800 a sauya mai, man kuma ya zama na pon mai lamba GL-5, a sake duba shi duk lokacin da mota ta ratsa ruwan ƙorama da damina.

Makanikan Madawa, Buza da Keita sun gaji sana'ar da hanya ta tilasta, kuma da ita albasa da hatsi suke fita daga wuraren da tirela ba ta zuwa. Abin da ya rage mata shi ne kayan awo da horo. Agogon auna ratar haƙora da sifana mai auna ƙarfin ɗauri ba su kai kuɗin pon guda da ya lalace ba, kuma ya kamata cibiyoyin koyon sana'a da ƙungiyoyin makanikai na jihar Tawa su sa wannan darasi a gaba. Kai kuma mai mota, kafin ka biya kuɗin aiki, ka nemi a ƙirga haƙoran gaba da na baya a gabanka, a nuna maka sawun fenti, kuma kada ka ƙara ko buhu ɗaya a kan lodin da birkinka ke iya tsayarwa.