Fisiyo ga yara masu lalurar motsi: Muhimman bayanai

Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya ƙiyasta a shekarar 2021 cewa yara kusan miliyan 240 ne ke rayuwa da wani nau'i na nakasa a duniya, wato kimanin yaro ɗaya cikin kowane goma.

Da dama daga cikinsu matsalarsu ta motsi ce, kamar kasa riƙe wuya, ko zama, ko rarrafe, ko tafiya a lokacin da sa'o'insu ke yi.

Fisiyo, wanda aka fi sani da gashin ƙashi, na daga cikin manyan hanyoyin taimaka musu. Sai dai salon gudanar da shi ga yara ya sauya ƙwarai tun daga shekarun 1990.

Mene ne fisiyon yara?

Sunan gashin ƙashi kan sa mutane su ɗauka cewa aikin bai wuce gasa jiki da na'ura ko tausa ba.

A wajen yara, mafi yawan aikin koyar da motsi ne: horar da ƙwaƙwalwa da tsoka su yi aiki tare, ƙarfafa jiki, hana gaɓoɓi sandarewa, da zaɓar kayan taimako kamar kujera ta musamman, da takalmin gyaran ƙafa, da keken guragu.

A salon da ake bi yanzu, yaron da iyayensa ne ke fayyace abin da suke so ya iya yi, sannan jami'in fisiyo ya tsara hanyar cimma hakan.

Waɗanne yara ne ke buƙatarsa?

Kaso mafi girma su ne masu lalurar da likitoci ke kira serebral palsi, wato shanyewar jiki sakamakon raunin da ƙwaƙwalwa ta samu a cikin ciki, ko wajen haihuwa, ko a farkon ƙuruciya.

Akwai yaran da aka haifa da buɗaɗɗen gadon baya wanda ya taɓa laka, da jariran da jijiyoyin kafaɗarsu suka ji rauni wajen haihuwa har hannu ya shanye, da waɗanda aka haifa da karkatacciyar ƙafa.

Akwai kuma cututtukan gado da ke cinye tsoka sannu a hankali, kamar cutar Duchenne, wadda kusan yara maza kaɗai take kamawa.

Haka nan akwai waɗanda shan inna ta nakasa. An bayyana nahiyar Afirka a matsayin wadda ta rabu da ainihin ƙwayar cutar a watan Agustan 2020, amma waɗanda ta riga ta shafa na ci gaba da buƙatar kulawa.

Me ke jawo raunin ƙwaƙwalwar?

A ƙasashe masu arziki lalurar serebral palsi na shafar kimanin jarirai biyu ko ƙasa da haka cikin kowane 1,000. Wani bincike da aka yi a gabashin Yuganda, aka wallafa a 2017, ya gano kusan yara uku cikin 1,000.

A yawancin ƙasashen Afirka manyan dalilan su ne doguwar naƙuda da ke hana jariri samun iska, da shawara mai tsanani a makon farko, da sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro da ya hau ƙwaƙwalwa. A Turai da Amurka kuwa haihuwar bakwaini na kan gaba.

A wasu yankunan ƙasar Hausa akan kira yaron da jikinsa ya saki ɗan ruwa, a danganta lamarin da iskoki. Wannan fahimta kan sa a makara wajen zuwa asibiti.

Lalurar ba ta yaɗuwa daga wani zuwa wani. Kuma kusan rabin masu ita basirarsu daidai take da ta kowa, ko da magana na yi musu wuya.

Ta yaya salon aikin ya sauya?

Wani likitan tiyata ɗan Ingila, William John Little, shi ne ya yi fice wajen bayyana lalurar a 1861, inda ya alaƙanta ta da wahalar haihuwa.

A shekarun 1940, Berta Bobath da mijinta Karel, waɗanda suka yi hijira daga Jamus zuwa Landan, sun ɓullo da wata hanya inda jami'i ke sarrafa jikin yaro da hannunsa domin rage sandarewa da gyara yanayin motsi. Hanyar ta bazu a duniya tsawon gomman shekaru.

A 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sabon tsarin auna nakasa, wanda ya haɗa da abin da mutum ke iya yi, da shigarsa cikin jama'a, da irin muhallin da yake ciki, ban da raunin jikin kansa.

A 2013 wata tawaga ƙarƙashin Iona Novak ta ƙasar Ostireliya ta yi nazarin hanyoyi 64 na kula da lalurar. Ta gano cewa horon da yaro ke yin motsin da kansa domin cimma wani takamaiman buri ya fi samun hujja mai ƙarfi, yayin da ta ce hujjar hanyar Bobath ba ta gamsar ba.

Magoya bayan hanyar Bobath sun ƙalubalanci wannan hukunci, kuma har yanzu ana amfani da ita a asibitoci da dama.

Yaya ake gudanar da shi a aikace?

Ana farawa da tambayar abin da ya fi damun yaron da iyalinsa. Burin na iya zama ya zauna a kan tabarma ya ci abinci tare da 'yan uwansa, ko ya riƙe alƙalami, ko ya je banɗaki da kansa.

Daga nan sai a karkasa burin zuwa ƙananan matakai, a riƙa maimaita su kullum cikin wasa, domin ƙwaƙwalwa na koyo ne ta hanyar yawan maimaici, yaro kuma ba ya maimaita abin da ya gundure shi.

Alal misali, idan ɓari ɗaya na jikin yaro ne ya shanye, akan sanya wa hannun mai lafiya safa ko ɗauri na wasu sa'o'i a rana, domin ya saba amfani da mai raunin wajen wasa. Akan biyo da horon da ke buƙatar hannu biyu.

Tun da yake ganin jami'i ba ya wuce sa'a ɗaya ko biyu a mako, mafi yawan horon a gida yake faruwa. Shi ya sa koyar da uwa, da uba, da yayye, ya zama ginshiƙin aikin.

Akan kuma koya musu yadda za su zaunar da yaron tsaye da wuya lokacin cin abinci, domin shayar da shi a kwance kan sa abinci ya shige huhu ya haddasa ciwon haƙarƙari.

Me ya sa ake son a fara da wuri?

Ƙwaƙwalwar jariri ta fi saurin gina sababbin hanyoyin saƙo a shekaru biyun farko.

Ƙa'idojin da masana daga ƙasashe daban-daban suka wallafa a 2017 sun nuna cewa ana iya gano serebral palsi kafin jariri ya cika wata shida, ta hanyar hoton ƙwaƙwalwa da lura da motsinsa.

Alamomin da ya kamata a kai yaro asibiti a kansu sun haɗa da rashin riƙe wuya a wata huɗu, da rashin zama a wata tara, da rashin tafiya a wata 18, da fifita hannu ɗaya kafin cika shekara, da sandarewa ko sakin jiki fiye da kima.

Idan aka yi jinkiri, tsokoki kan gajarce, gaɓoɓi su lanƙwashe, ƙashin ƙugu kuma ya iya gocewa. Ƙasar Suwidin ta fara shirin duba ƙugun irin waɗannan yara a kai a kai a 1994, abin da ya rage gocewar ƙwarai.

Shin fisiyo na warkarwa?

Raunin da ƙwaƙwalwa ta samu ba ya gogewa, ba ya kuma ƙaruwa. Abin da fisiyo ke yi shi ne bunƙasa abin da yaron zai iya da kuma hana ƙarin nakasa.

A 1997 masu bincike a Jami'ar McMaster ta Kanada suka fitar da ma'auni mai matakai biyar. A mataki na ɗaya yaro na tafiya ba tare da cikas ba, a na uku yana buƙatar abin dogarawa, a na biyar kuma yana dogara da wani a kusan duk motsinsa.

Kimanin kashi biyu cikin uku na masu lalurar kan iya tafiya. Ga sauran, keken guragu mai kyau shi ne ke kai su makaranta.

A cutar Duchenne burin ya bambanta, domin ita tana ƙaruwa. Ana ƙoƙarin tsawaita lokacin tafiya da kare numfashi, kuma motsa jiki mai tsanani na iya cutar da tsokar.

Wane hali ake ciki a Nijeriya?

An fara aikin fisiyo a Nijeriya a 1945 a asibitin ƙashi na Igbobi da ke Legas, sannan Jami'ar Ibadan ta soma bayar da digiri a fannin a 1966.

A arewacin ƙasar, Jami'ar Bayero na horar da jami'an fisiyo, asibitin ƙashi na Dala da asibitocin koyarwa kuma na da sassan da ke duba yara.

To amma jami'an sun yi ƙaranci, kuma akasarinsu na manyan birane, lamarin da ke sa kuɗin mota kaɗai ya hana iyalai da yawa ci gaba da zuwa.

A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu a kan dokar da ta haramta nuna wariya ga masu nakasa, wadda ta tanadi haƙƙinsu na ilimi da kiwon lafiya. Ƙungiyoyin masu nakasa sun sha kokawa cewa aiwatar da ita na tafiyar hawainiya.