Takun Matafiyi da Idon Mai Fasaha: Nazari a kan Zane da Hoton Dazuzzukan Yammacin Amurka

Daga tsakiyar ƙarni na 19 zuwa tsakiyar ƙarni na 20, mafi shaharar zane-zane da hotunan da suka sanar da duniya surar yammacin Amurka sun fito ne daga hannun mutanen da suka yi doguwar tafiya, suka hau tsaunuka da ƙafa, suka yada zango a jejin da babu masauki. An saba bayyana wannan da cewa kyawun daji ne ke saukar da ilhama, wato motsin zuciya da ke zaburar da mai fasaha ga aiki. Wannan bayani gaskiya ne, sai dai ya gaza, domin ya manta da ita kanta tafiyar. Matsayar wannan maƙala ita ce, irin abin hawa da nauyin kaya da tsawon zama a wuri su ne suka tsara abin da idon mai fasaha ya gani, kuma su ne suka ɓoye masa abin da bai gani ba, musamman mutanen da suka riga shi zama a wuraren.

Misali na farko shi ne Carleton Watkins, wanda ya shiga kwarin Yosemite da ke tsaunukan Kalifoniya a shekarar 1861, alfadarai na ɗauke da kyamararsa mai amfani da faifan gilashi mai faɗin inci 18 da tsawon inci 22. A dabarar ɗaukar hoto ta wancan zamani, dole ne a shafa wa gilashin sinadari, a ɗauki hoton, a kuma wanke shi tun bai bushe ba, saboda haka duk inda mai hoto ya tsaya sai ya kafa tanti mai duhu kuma ya tanadi ruwa. Wannan wahala ta hana gaggawa, ta tilasta wa Watkins ya daɗe yana zaɓen wurin tsayawa da lokacin da haske ya dace, har ya dawo da manyan faifai 30 masu natsuwa da daidaiton tsari. Masana tarihi suna lissafa hotunan cikin dalilan da suka sa Shugaba Abraham Lincoln ya sanya hannu a kan dokar keɓe kwarin domin amfanin jama'a a ranar 30 ga Yuni, 1864.

Shekara goma bayan tafiyar Watkins, mai zane Thomas Moran, haifaffen Ingila, ya bi ayarin binciken ƙasa da Ferdinand Hayden ya jagoranta zuwa Yellowstone a 1871, tare da mai ɗaukar hoto William Henry Jackson. Tun da hoton wancan lokaci ba shi da launi, Moran ne ya kawo shaidar rawaya da ja da ke jikin kwazazzabai da bakin maɓuɓɓugan ruwan zafi, ta hanyar ƙananan zane-zanen fentin ruwa da ake iya gamawa kafin ayari ya tashi. An nuna wa 'yan majalisar dokokin Amurka waɗannan ayyuka, gani ya kori ji, kuma a ranar 1 ga Maris, 1872, Shugaba Ulysses Grant ya amince da kafa gandun dajin ƙasa na farko a Amurka. A wannan shekarar majalisa ta sayi babban zanen Moran na kwazazzabon Yellowstone, mai ƙafa 7 da ƙafa 12, a kan dala 10,000. Abin lura shi ne, a ɗakin aikinsa ya zana shi bayan ya dawo, ya kuma jera duwatsu da itatuwa yadda ya ga ya fi isar da abin da ya ji a ransa, kamar yadda shi da kansa ya nuna cewa bai damu da kwafar wuri tiryan-tiryan ba.

Tasirin tafiyar ƙafa ya fi bayyana a aikin mai ɗaukar hoto Ansel Adams, wanda ya fara ziyartar Yosemite a 1916 yana ɗan shekara 14. A watan Afrilu na 1927 ya hau zuwa wani dandamalin dutse da ke fuskantar tsaunin Half Dome, ya kashe yawancin faifansa a hanya, har ya isa da biyu kacal. Ya ɗauki na farko da matatar haske mai launin rawaya, wato gilashin da ake ɗorawa a bakin kyamara domin tace wasu launuka, sannan ya fahimci cewa hoton ba zai nuna kwarjinin da dutsen ya yi masa ba, sai ya sauya zuwa ja mai duhu, wanda ya mayar da sararin sama kusan baƙi. Daga nan ya gina ƙa'idarsa cewa mai hoto ya riga ganin hotonsa a zuci kafin ya danna kyamara. Ƙarancin kayan da ƙafa ke iya ɗauka ne ya haifi wannan ƙa'ida. Littafinsa na hotunan tsaunukan Sierra Nevada da ya fito a 1938 ya taimaka wajen kafa gandun Kings Canyon a 1940.

Zuwan mota ya sauya lissafin, domin ya ba mai fasaha damar yin nisa shi kaɗai da kuma komawa wuri guda sau da yawa. Mai zane Georgia O'Keeffe, wadda ta fara zaman bazara a New Mexico a 1929, ta mayar da motarta ƙirar Ford ɗakin zane mai kare ta daga zafin rana, kuma a shekarun 1940 ta yi ta komawa wasu tuddai masu launin toka, kimanin mil 150 daga gidanta na Ghost Ranch, tana kwana a tanti. Yawan komawar ne ya sa zanenta na wurin ya riƙa zubar da ƙananan bayanai, har ya zama layuka da launuka kawai. Mota ta kuma kawo hoton ba-zata: a 1941 Adams yana tuƙi kusa da ƙauyen Hernandez ya hango wata ya fito bisa maƙabarta, ya tsaya a gefen titi, ya samu ɗaukar faifai guda kafin hasken yamma ya gushe.

Mai suka yana iya cewa baiwa ce ta yi wannan aiki, tun da dubban mutane sun bi waɗannan hanyoyi ba su dawo da komai ba. Babu musun haka, amma baiwa tana aiki ne da abin da aka ba ta, kuma abin da tafiya ke bayarwa kallon baƙo ne, wanda ke zuwa a lokacin da yanayi ya yi kyau, ya kwana kaɗan, ya wuce. A nan ne illar wannan al'ada take. Kwarin da Watkins ya ɗauka tamkar babu wanda ya taɓa taka shi mazaunin al'ummar Ahwahneechee ne, waɗanda rundunar sa-kai ta Mariposa ta ƙona wa ƙauyuka a 1851, shekara goma kacal kafin zuwansa. Buɗaɗɗun filayen ciyawa da suka ƙawata hotunansa aikin hannunsu ne, domin suna sa wa daji wuta da gangan don kare itatuwan da suke cin 'ya'yansu, kuma da aka hana ƙonawar sai wasu itatuwa suka mamaye filayen. Hukumar da ke kula da gandun Yosemite ta rushe ragowar gidajen ƙauyen 'yan asalin kwarin a 1969. Yellowstone ma mutane sun yi fiye da shekara 11,000 suna farauta da haƙar dutsen yin makami a cikinsa, kuma an kwashe Tukudika, wani reshe na Shoshone, zuwa keɓaɓɓun matsugunai bayan kafa gandun. A yawancin zane-zanen, idan ma waɗannan mutane sun bayyana, to ƙananan siffofi ne da aka sa domin a gwada girman dutse.

Wannan kallo ya shiga doka, domin dokar kare dazuzzuka ta 1964 ta siffanta daji a matsayin wurin da mutum baƙo ne mai wucewa, ra'ayin da masanin tarihi William Cronon ya ƙalubalanta a 1995, Mark David Spence kuma ya bi diddigin korar da ke bayansa a 1999. Amincewa da sukarsu ba ta rage darajar aikin Watkins ko Adams, kuma gandayen da hotunansu suka taimaka aka kafa sun tsira daga gatari da haƙar ma'adinai. Abin da take wajabtawa shi ne a karanta kowane hoton daji tare da tarihin tafiyar da ta samar da shi. Mai fasahar da ke ɗaura kaya a yau domin neman ilhama a jeji ya gaji ƙwarewar magabatansa da kuma giɓin da suka bari, saboda haka sanin waɗanda suka zauna a wurin, da sunan da suke kiransa, da dalilin tashinsu, yana cikin shirin tafiya kamar tanti da guzuri.